Kuɗin kashewa a jirgin ruwan shaƙatawa: tsaba ko katin banki?

Wani Alhaji, ɗan kasuwa a Garwa, ya aiko da wannan tambaya: "Ɗana da ke karatu a Faransa ya yanka mana tikitin jirgin ruwan yawon shaƙatawa na kamfanin MSC, kwana bakwai daga Marsey, ni da maiɗakina da ƙannensa biyu, mai shekara 14 da mai shekara 9. Ya ce ɗaki da abinci duk an biya. To amma na ji an ce a cikin jirgin ba a karɓar kuɗi a hannu. Da me zan biya abin da muka saya? In riƙi yuro, ko katin bankina ya isa, ko Orange Money?"

Alhaji, ranka ya daɗe. Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Sana'ata yankan tikiti ce da shirya wa mutane takardun tafiya, galibi masu Umra da 'yan kasuwar Dubai, sai jefi-jefi masu irin wannan yawo naka, kuma da abin da na gani a hannunsu zan amsa maka. Ka riƙi yuro tsaba ka ajiye a teburin karɓar baƙi na jirgin. Katin bankinka ka tafi da shi, amma kada ka ɗaura shi a kan lissafin jirgi, ka bar shi don ko-ta-kwana. Orange Money da MoMo, da Airtel Money na mutanen Njamena, aikinsu ya ƙare ran da jirgin sama ya ɗaga da kai daga Duwala. Haka katin da ke ɗauke da tambarin GIMAC kaɗai, na cikin ƙasashen CEMAC shida ne, wato ƙasashenmu na Afirka ta Tsakiya masu amfani da sefa. In babu Visa ko Mastercard a jikinsa, bar shi a gida.

Abin da aka gaya maka gaskiya ne. Ranar shiga, a tashar Marsey, za a ɗauki hoton kowannenku a ba shi katin roba mai sunansa, har da autan. Katin nan shi ne makullin ɗaki, shi ake dubawa a ƙofa duk sanda kuka sauka gari ko kuka dawo, kuma shi ne aljihu. Ka sha kofi, ka miƙa kati. Hajiya ta ga turare, ta miƙa kati. Kamar littafin bashin mai shagon unguwa ne, inda ake ɗaukar sukari da sabulu a ce "rubuta", ƙarshen wata a zo a yi lissafi. Sai dai mai shago ya san gidanku, ya san mahaifinka, jirgi kuwa bai san kowa ba, don haka sai ka ba shi abin riƙewa. MSC da takwaransa kamfanin Costa suna ba da awa 48 bayan shiga a yi wannan: ko a ɗaura katin banki a wata na'ura da ke tsaye kusa da teburin baƙi, ko a ajiye tsabar kuɗi. In wa'adin ya wuce ba ka yi ba, katin zai ci gaba da buɗe ɗaki, amma ko ruwa ba zai saya maka ba.

Ɗanka zai ce kati ya fi sauƙi. Ga mai katin bashi, wanda banki ya yanka masa wani adadi ya ci ya biya daga baya, haka ne. Namu na nan kusan duka masu cira ne kai tsaye daga abin da ke cikin asusu, kuma a nan gizo ke saƙa. Da ka sa katin a na'urar, jirgi zai nemi bankinka ya riƙe masa wani adadi, a waɗannan kamfanoni abin yakan kama daga yuro 150 zuwa 250. Ba a cire kuɗin ba, amma an ƙulle su, kai ma mai su ba za ka taɓa ba. Kuna kashewa, da lissafi ya haura abin da aka riƙe, sai a sake riƙe wani. Ranar ƙarshe sai a aika da jimlar a matsayin cira ta gaske. A ƙa'ida waɗancan da aka riƙe ya kamata su saku, amma sakinsu a hannun bankinka yake, ba a hannun jirgi ba, kuma yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci har 30.

Bari mu sa lamba don abin ya fito fili. A ce akwai sefa dubu 700 a asusun. Kun kashe yuro 700 cikin mako, wato sefa dubu 459 da ɗoriya. An riga an riƙe kusan wannan adadin kaɗan-kaɗan, abin da ke sake bai wuce dubu 240 da 'yan kai ba. Daren ƙarshe jirgi ya aika da cirar dubu 459. In na'urar bankinka ba ta haɗa wannan cirar da abin da ta riƙe a baya ba, za ta ga kamar sabuwar sayayya ce, ta ce kuɗi bai isa ba. Ga kuɗinka a banki, ga ka tsaye a gaban yarinyar da ke teburin baƙi tana ce maka kati ya ƙi, ga mutane a layi bayanka. Ko da cirar ta wuce, kana iya sauka Marsey ka je biyan otal ko tikitin jirgin ƙasa zuwa Faris ka tarar asusun a ƙulle. Wanda ya nace sai da kati, to ya zuba ninki biyu na abin da yake tsammanin kashewa. Katin da ake lodawa kuɗi kuwa, irin wanda ba shi haɗe da asusu, wasu kamfanoni ba sa ma karɓarsa.

Ga kuma plafon, iyakar da banki ya yanka wa katin a rana ko a mako, wadda yawancinmu ba mu san nawa ce ba sai ran da ta tare mu. Ga lambar sirri da banki ke turowa ta saƙon waya zuwa layinka na MTN ko Orange, alhali kana tsakiyar teku. Sannan ga dokar canji ta CEMAC da aka sa wa hannu a Disamba 2018, ta fara aiki a Maris 2019. A ƙarƙashinta, abin da mutum ya biya ko ya cira da kati a wajen yankin, in ya haura sefa miliyan 5 a tafiya guda, sai ya kawo takardun shaida. Sayayya ta intanet kuma da ta wuce miliyan 1 a wata za a nemi shaida. Ba za ka kai miliyan 5 a jirgi ba in sha Allah. Amma in da katin nan ka biya tikitin jirgin sama na mutum huɗu ta intanet, ka riga ka tsallake miliyan ɗayan, kuma in ba ka kai wa banki takardu ba suna iya dakatar da katin kana can. Saboda haka kafin ka bar Garwa ka shiga wurin mai kula da asusunka da kanka, ba aike ba. Ka kai masa kwafin tikiti da biza, ka gaya masa ranakun tafiya da ƙasashen, ka ce a buɗe katin don waje a kuma ɗaga plafon na wata guda.

Yanzu tsaba. Mu masu sefa muna da wata sa'a da maƙwabtanmu masu naira ba su da ita. Tun 1999 sefa tana ɗaure da yuro a farashi ɗaya, sefa 655 da ɗigo 957, a ce 656. Jiragen MSC da ke yawo a Bahar Rum da yuro suke lissafi. Duk farashin da ka gani a rubuce, ka ninka shi da 656 ka san abin da ya ci maka, kuma lissafin da ka yi yau a shagonka shi ne dai lissafin ran da za ka sauka. Wurin sayen yuron ne kawai za ka ɗan biya sama da haka, ko a banki ko wurin 'yan canji. Na san 'yan canjin kasuwa sun fi sauri, kuma akwai mutunci tsakaninku, amma ba sa ba da takarda. Ka sayi mafi yawan kuɗin a banki ko ofishin canji mai lasisi, da fasfo da tikiti a hannu, ka adana takardar canjin tare da fasfo. Jami'in duwan a filin jirgin Duwala ko na Nsimalen da ke Yawunde in ya tambaya, ita za ka nuna. Ƙa'idar fita da kuɗin waje ita ma miliyan 5 ce ga mutum kafin a nemi bayani, shiga Tarayyar Turai kuma daga yuro 10,000 ake bayyanawa, wato sefa miliyan 6 da rabi da 'yan kai. Tafiyarka ba ta buƙatar ko kusa da wannan.

Ka nemi takardun 50 da 20, da 'yan 10 da 5 na motar haya da ruwa a gari. In ɗan canji ya miƙo maka 'yar 500 ya ce ta fi sauƙin ɓoyewa, ka mayar masa. An daina fitar da ita tun 2019. Har yanzu kuɗi ce, amma kantuna da yawa ba sa karɓa, 'yar 200 ma sai an juya ta an kalle ka. Kada kuma ka ɗebi sefa da niyyar canzawa a can. Tun 1993 BEAC, babban bankin da ke fitar da sefarmu, ta daina karɓar takardunta da aka fitar wajen yankin, shi ya sa da wuya ka sami mai canza maka su a Turai, in ka samu kuma zai yanke ka.

Kada ka je teburin baƙi da shigarku, lokacin kowa na can da ƙorafin ɗaki da jaka. Ka bari sai an gama atisayen rigar ceto, ko washegari da sassafe bayan asuba, lokacin Turawa na barci. Ka tafi da katunan ku huɗu ka ce a haɗa su a lissafi ɗaya. Za a ƙirga kuɗin a gabanka a ba ka rasit, ka riƙe shi. Sauran yuron ka sa a akwatin ƙarfe da ke cikin kabad ɗin ɗakinku, tare da fasfo in ba a karɓa ba. In ajiyar ta kusa ƙarewa za su turo takarda ɗaki ko su kira, in ta ƙare katin ya tsaya sai ka ƙara. Wasu na ganin wannan tsayawar wulakanci ce. Ni ita ce ma dalilin da ya sa na fi son tsaba, don mai katin banki ba abin da ke tsayar da shi sai takardar daren ƙarshe.

To nawa za ka ajiye? Fara da abin da za a rubuta maka ko da ba ka sayi tsinke ba, wato kuɗin hidimar ma'aikata. A 'yan shekarun nan MSC a Bahar Rum tana sa yuro 12 kowane dare ga wanda ya kai shekara 12, yuro 6 ga yaro daga shekara 2 zuwa 11. Mai shekara 14 babba ne a wurinsu. Kenan 12 sau uku, a ƙara 6, yuro 42 a dare, 294 a kwana bakwai, kusan sefa dubu 193. Wannan shi ne abin da ya fi tayar wa mutanenmu hankali, don an ce musu "an biya komai". Amma kafin ka sa shi a lissafi, ka ce ɗanka ya buɗe takardar tikitin ya nemi inda aka rubuta frais de service hôtelier. Wasu tikitocin da ake sayarwa a Turai an riga an cusa shi a ciki, ko an biya shi tun farko. In an biya kuma ka gan shi a lissafin jirgi, ka kai musu takardar su cire. A jiragen Amurkawa abin ya fi haka, yana kamawa daga dalar Amurka 16 zuwa 20 a rana, kuma a can mutum na iya zuwa ya ce a rage. Ban ba ka shawarar haka ba ko da dama ta samu. Masu gyaran ɗaki da masu ɗauko abinci, 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya da Madagaska, wata shida zuwa tara suke yi ba su ga iyalinsu ba, kuma wannan kuɗi na cikin abin da suke lissafi da shi.

Abinci kam an biya, a babban ɗakin cin abinci da kuma wurin ɗibi-da-kanka na sama. Abin sha ne ba a biya ba. A wurin ɗibi-da-kanka akwai famfon ruwan sanyi da na ruwan zafi da ganyen shayi da kofi, kyauta. Amma ruwan gora da aka ajiye a ɗaki, da abin da ke cikin ɗan firjin, da lemon kwalba, da ruwan da ma'aikaci zai kawo teburinku da dare, duk ana rubutawa sai in tikitinku ya haɗa da su. A kan kowane abin sha da aka saya kuma ana ɗora kashi 15 cikin 100, jiragen Amurkawa kashi 18 zuwa 20. Abin yuro 4 ya zama 4 da 60. In jirgin yana cikin ruwan Sifaniya ana iya ƙara harajinsu, kashi 10 a kan abin sha, 21 a kan kayan kanti. A ƙasan rasit ɗin da za a kawo ka sa hannu wani lokaci akwai layin ƙarin kyauta. Ka ja masa layi, an riga an ɗauka.

Ranar farko za a yi ta tare ku da tallan kunshin abin sha, a biya kuɗi guda a sha iya sha. Wanda suka fi turawa an yi farashinsa ne don masu shan giya, kai kuwa ba ruwanka. Akwai na marasa giya, da na yara, su za ka tambaya. Ko su ma ka yi lissafi tukuna: a ƙa'ida duk waɗanda ke ɗaki ɗaya sai sun saya tare, kuma na dukan kwanakin, har ranakun da za ku wuni a gari. In ku masu shayi ne kamar yawancinmu, ku riƙi gora biyu daga gida kuna cika su da ruwa a famfon sama, lemon yara kuma a saya ɗaya-ɗaya. In kuwa yaran nan ba sa cin abinci sai da lemo, kunshin yara na iya fin araha, amma ka tuna ku manya ma sai kun sayi naku, kuma ya fi araha in ɗanka ya saya ta intanet kafin tafiya.

Tunda na ambaci yara. Wani ɗan kasuwa daga Marwa ya dawo ya shimfiɗa mini takardar lissafinsa a tebur, shafi uku. Ya ɗora yatsa a kan wani layi da ke ta maimaita kansa, yuro 2, yuro 2, yuro 3, yuro 2, har ƙarfe 11 na dare, kwana bayan kwana, ya ce in gaya masa wace irin sata ce wannan. Muka bi lambar katin, sai ga ta ɗansa ce. Ɗakin wasan yara ne, injin tseren mota da wanda ake ɗauko 'yar tsana da ƙugiya. Yaron bai ɗauki abin a bakin komai ba: ya ga ana taɓa kati injin ya kama, bai ga kuɗi na fita daga hannun kowa ba. Saboda haka ranar da ka je ajiye kuɗi, ka ce a rufe saye a katin autan gaba ɗaya, na mai shekara 14 kuma a yanka masa iyaka. In kati ya ɓace a sanar nan take a kashe shi a buga wani. Akwai gidan caca a jirgin, sau da yawa a kan hanyar zuwa ɗakin kallo yake, sai an ratsa ta cikinsa. Ba a barin yara su yi wasa, kai kuma na san ba wurinka ba ne.

Waya tana da nata tarkon. Da jirgi ya yi nisa da gaɓa, wayarka za ta kama wani layi na jirgin da ke bi ta tauraron ɗan'adam, mai tsadar gaske. Wannan ba a lissafin jirgi zai fito ba, kuɗin layinka zai cinye cikin 'yan mintuna. Ko ɗanka ya ba ka layin Faransa, rangwamen da ake yi tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai bai shafi layin teku ba. Ku sa wayoyi a yanayin jirgin sama da zarar an kwance igiya, ku buɗe in kun ga gari. Intanet ɗin jirgi sayarwa ake yi, kowace waya da kuɗinta. Ka sayi na waya ɗaya don WhatsApp da yaran shago, sauran su jira tasha. Manhajar kamfanin, MSC for Me, tana aiki a wayfay ɗin jirgi ba sai ka saya ba, kuma a cikinta ko a talabijin ɗin ɗaki za ka ga lissafinka. Ka duba kowane dare kafin ka kwanta. Kuskuren jiya ana gyara shi cikin minti biyar. Na kwana shida sai an nemo rasit.

Masu hoto za su ɗauke ku a ƙofa da wurin cin abinci, ɗauka kyauta ce, karɓa ce da kuɗi. Ɗaya ta iyali ta isa. Wanki ana biya, kuma ba a barin shiga da dutsen guga, don haka a shirya manyan riguna da lissafi. Kantunan ciki a rufe suke in jirgi na tasha, sai an fita teku.

Wurin da katin bankinka zai yi rana shi ne asibitin jirgi, Allah ya kiyaye. Akwai likita, amma ganinsa da maganinsa da kuɗi, kuma a kan lissafinka ake rubutawa, ba ya jiran inshora. Kai za ka biya, ka karɓi rahoto da rasit, ka nemi kuɗinka bayan ka dawo. Inshorar da aka tilasta muku don bizar Shengen ta shiga Turai, mai ɗaukar aƙalla yuro 30,000, ka sa a duba ko ta haɗa da jinya a cikin jirgin ruwa, don ba kowace ce ta haɗa ba. Maganin hawan jini ko na sukari, naka ko na Hajiya, a ɗebi fiye da na kwanakin, a sa a jakar hannu.

A gari katin jirgi ba ya sayen komai, sai yuro ko katin banki. Yawon da kamfani ke shiryawa da mota da ɗan jagora ana rubuta shi a lissafin jirgi, kuma ga mutum huɗu yana iya fin duk sauran kashe-kashenku. Ba kowace tasha ce ke buƙatarsa ba. A Jenowa daga tasha da ƙafa za ku shiga gari. Amma in jirginku zai tsaya Cibitabekiya don ganin Roma, tafiyar sama da kilomita 70 ce, kuma a nan na fi son ka biya na kamfani: motarsu in ta makara jirgi zai jira ta, kai in ka makara da kanka sai dai ka bi shi tasha ta gaba da kuɗinka. A wasu tashoshi motar da ke kai mutane daga bakin jirgi zuwa tsakiyar gari ma ana biya. In akwai Tunisiya a hanyarku, kuɗinsu dinari ne kuma ba a fita da shi, ku canza kaɗan. Ku tabbata kuma bizar mai shiga da yawa ce, don tsayawa a can fita ce daga Shengen.

In aka haɗa duka, ni da yuro 600 zan fara ajiya, kusan sefa dubu 394, in kuɗin hidima bai shiga tikiti ba. In ya shiga, 300 ta isa farawa. Wata 600 a akwatin ɗaki don ƙari da yawon gari, ban da kuɗin tsarabar Hajiya, wanda ba ni da hurumin yanka masa adadi.

Duk wannan na jirgin da ke lissafi da yuro ne. Masu karanta wannan da ke shirin shiga jiragen kamfanin Royal Caribbean ko Norwegian su sani cewa da dalar Amurka suke lissafi ko da daga Barsalona suka tashi. Dala kuwa ba ta ɗaure da sefa, hawa take tana sauka, kuma in ka kai yuro teburin baƙi za su canza maka a farashin da ya yi musu daɗi. Sai a sayi dala tun daga gida. In aka tambaye ka ko a juya maka lissafin zuwa kuɗin katinka, a jirgi ne ko a na'urar cirar kuɗi a gari, ka ce a'a, a bar shi a kuɗin wurin. Canjin bankinka ya fi nasu sauƙi. Na'urar cirar kuɗi ta cikin jirgi kuwa tana da caji mai nauyi a kan kowace cira. 'Yan kasuwarmu na Dubai da ke shiga MSC a lokacin sanyi, a ciki yuro ne, a gari dirhami. Masu son haɗawa da Umra kuma akwai Aroya, kamfanin Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disamba 2024, babu giya babu caca a cikinsa.

Daren ƙarshe za a ce ku fitar da manyan jakunkuna bakin ƙofa kafin ku kwanta, cikakken lissafi kuma zai zo ɗaki ko ya fito a manhaja. Mai katin banki in ya gamsu ba sai ya je ko'ina ba. Kai mai tsaba sai ka je teburin baƙi a rufe lissafi: in akwai saura a kanka ka cika, in ajiyarka ta yi rara su mayar maka a hannu. Ka je da la'asar ko kafin abincin dare, kada ka bari sai safiya, lokacin layi na kaiwa har bakin matakala. Ka zauna da takardar da rasitocinka ka bi layi-layi, duk abin da ba ka gane ba ka tambaya a nan, don bayan ka sauka sai dai wasiƙa ta intanet da jira. In da ko yuro ɗaya a kanka, na'urar ƙofar fita za ta yi ƙara a mayar da kai ciki. Rarar kuma kada ka manta da ita, nemo ta daga Garwa wahala ce. In tikitin ya zo da wata kyautar kuɗin kashewa daga kamfani, ita ba a mayarwa tsaba, a fara cinye ta. Bayan an rufe lissafi, abin da aka sha da safe sabon bashi ne, don haka a ja wa yara kunne su tsaya a kan shayin kyauta.

Wuri ɗaya da kuɗi ke wucewa hannu da hannu shi ne in mai gyaran ɗakinku ya kyautata muku, kamar ya kawo ƙarin tawul na alwala ko ya gyara muku wurin shimfiɗa darduma. Yuro 10 ko 20 a ranar sallama, ba dole ba ne.

Takardar lissafin ƙarshe mai nuna ba a bin ka komai, da takardar canji, da guntayen tikitin jirgin sama, ka haɗa su wuri ɗaya ka dawo da su. In ka taɓa katin banki a tafiyar, su banki zai nema, su ne kuma za ka kai in wata ya cika ba a saki wani kuɗi da aka riƙe ba. Yuron da ya rage kada ka yi saurin mayar da shi sefa, za ka yi asara sau biyu. Ka ajiye shi don Dubai ko Umra, a can ana canza shi ba wahala.